Wannan VVT-i da VTEC da ake rubutawa a murfin inji, wai me suke yi ne a ciki?

Motar da nake hawa ta hannu na saye ta, kuma watannin farko ba ta ba ni matsalar komai ba. Sai da hunturu ya shigo ta fara wani hali, in na tada ta da safe zan kai yara makaranta sai in ji wata ƙara karrrr kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sakan ɗaya ko biyu sai ta ɗauke, daga nan shiru har dare. Bayan ɗan lokaci silo ya fara rawa, in na tsaya a danja sitiyari na karkarwa a hannuna, mai kuma ya fara tafiya fiye da yadda na saba, ga fitilar cek ta kama. Da na kai gareji makaniken bai ma taɓa sifana ba ya tambaye ni, "Alhaji wane irin baƙin mai ake zuba mata?" Ya sa yaronsa ya kwance wani ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa da soket a bayansa daga gefen tof silinda, sannan ya zaro wata 'yar raga ƙarama da ke kusa da shi, ba ta fi kan biro ba. Ya ɗaga ta saitin rana ya ce in leƙa. Wallahi ko ɗigon haske baya wucewa, baƙin abu ne ya daskare a jiki kamar kwalta. Ya ce min "kaga wannan 'yar abar, ta nan man da ke juya tayimin ɗinka yake bi, mai motar na farko bai kyauta mata ba."

Daga ranar na shiga bin diddigin abin, don ni a da na ɗauka tayimin, wato lokacin da ƙofofin iskar inji ke buɗewa da rufewa, abu ne da ake saitawa sau ɗaya a ɗaure shikenan, ban san akwai injin da yake canza tayimin ɗinsa da kansa yana cikin gudu ba. Kuma na lura da yawan mu muna hawa motocin nan, muna ganin rubutun a murfi, har ana cika baki da shi wajen ciniki, amma abinda yake yi da abinda yake buƙata daga wajenmu ba kowa ya sani ba.

Sai an fara da numfashin inji kafin a gane. Injin fetur na mota bugu huɗu yake yi. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta abin ya fashe ya tunkuɗa fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kore hayaƙi zuwa salansa. Ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita su ne bawul, kuma abinda ke buɗe su wani dogon ƙarfe ne a saman inji, kamshaf, mai doro-doro a jiki masu siffar ƙwai. In ya juya doron ya danna bawul ya buɗe, in doron ya wuce sifirin ya dawo da shi ya rufe. Kamshaf ɗin da cen ko bel aka haɗa shi da karanshaf na ƙasa, karanshaf ya juya sau biyu shi ya juya sau ɗaya. Toh a tsohon tsari siffar doron nan da inda aka ɗaure shi su ne ƙarshen magana, yadda aka sassaƙa shi a kamfani haka zai buɗe haka zai rufe har motar ta mutu, ko kana silo a gosilon Kano ko kana taka ta a hanyar Zariya.

Matsalar anan take, don buƙatar inji a waɗannan wurare biyu ba ɗaya bace ko kaɗan. Ɗauki lissafi. A silo inji na juyawa kamar sau 750 a minti. In ka taka allurar da ke nuna juyin inji ta kai 6,000, karanshaf na juyi 100 a sakan ɗaya kenan, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a sakan. Lokacin da iska ke da shi ta shiga silinda ya ragu ninki takwas, bai ma kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Ita kuma iska duk da ba ma ganin ta tana da nauyi, ba ta tashi nan take kuma in ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take. Ka tuna ƙofar masallacin Juma'a in an idar da sallah, mutanen baya na turo na gaba, ko da wani ya so ya tsaya a bakin ƙofa turin da ke bayansa sai ya wuce da shi. Haka iska take yi a bututun shiga in inji na gudu sosai, fistan ya kai ƙasa har ya fara hawowa amma ita tana ci gaba da danno kai ciki saboda gudun da ta ɗauko. Saboda haka a babban gudu riba ce ka jinkirta rufe bawul ɗin shiga, ka bar ta ta gama cika silinda. Amma ka yi wannan jinkirin a ƙaramin gudu, iskar ba ta da wani turi a bayanta, fistan na fara hawa sai ya maido da ita waje ta inda ta shigo, silinda ya tashi bai cika ba, motar ta rasa ƙarfin ja daga ƙasa.

Akwai kuma wani ɗan lokaci da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba na shiga ya riga ya fara buɗewa, ƙofa biyu a buɗe tare, lokacin fistan yana can sama. In inji na gudu wannan haɗuwar alheri ce, hayaƙin da ke fita da ƙarfi yana janyo sabuwar iska a bayansa, ya share silinda tas. A silo kuwa masifa ce, don a lokacin totur a rufe yake, bututun shiga yana zuƙa da ƙarfi, sai ya zuƙo hayaƙi baya ya gauraya da sabon mai, wuta ta riƙa kamawa da ƙyar, inji ya riƙa tari yana girgiza. Shi yasa motocin tsere na da in suna tsaye zaka ji su suna gur-gur-gur kamar zasu mutu, an sa musu kamshaf na gudu ne zalla. Injiniyoyin da ke ƙera motar gida dole su zaɓi tsaka-tsaki, doron da ba zai yi kyau sosai a ƙasa ba kuma ba zai yi kyau sosai a sama ba, amma dai zai tafi. Shekara da shekaru haka aka haƙura.

Abinda ya tilasta a nemi mafita ba son gudu bane kawai, dokokin hayaƙi ne da tsadar mai. Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1970, rikicin mai na 1973 ya biyo baya, kamfanoni suka shiga neman yadda inji zai ƙona mai tsaf ba tare da ya zama raggo ba. Motar kasuwa ta farko da ta fito da tsarin canza lokacin bawul ita ce Alfa Romeo Spider ta Italiya a 1980, kuma waɗanda aka kai Amurka aka fara sa wa. Nata matsayi biyu ne kawai, ko nan ko can. Honda ta fito da VTEC a 1989, Toyota ta sa VVT, wato tsarin canza lokacin bawul, a injin 4A-GE mai bawul 20 a 1991 sannan VVT-i a 1995, BMW ta kawo VANOS a 1992, Mitsubishi ma MIVEC a shekarar. Suna ne ya bambanta, amma in ka tattara su hanya biyu ce babba, ko a murɗa kamshaf ɗin gaba da baya, ko a canza doron da ke danna bawul ɗin gaba ɗaya.

Ta farkon ita ce ta fi yawa a motocin da ke titunanmu, Corolla da Camry da Highlander da sauransu, don haka bari in tsaya a kanta. A bakin kamshaf inda cen ke zagayawa, maimakon giya guda ɗaya dunƙulalliya sai aka yi ta gida biyu. Akwai kwanson waje mai haƙora, shi cen ke ja. A cikinsa akwai wani abu mai fukafukai kamar farfelar famfon ruwa, shi kuma a jikin kamshaf aka ɗaure shi. Kowane fiffike yana zaune a cikin ɗan ɗaki, da fili a gabansa da fili a bayansa. In aka tura baƙin mai da ƙarfi ta bayan fiffiken sai ya matsa gaba ya murɗa kamshaf ya riga cen ɗin, bawul ya buɗe da wuri ya rufe da wuri. In aka tura man ta gabansa sai ya koma baya, komai ya jinkirta. In aka toshe hanyoyin biyu man ya maƙale a ɗakunan sai ya tsaya cak a inda yake. Duk wannan fa ana yin shi ne kamshaf na juyi dubbai a minti. Murɗawar ba wata mai yawa bace a ido, kamar digiri 40 zuwa 60 na juyin karanshaf gwargwadon inji, amma a numfashin inji wannan tazara ce babba.

Mai raba man shine ƙarfen nan mai soket da yaron gareji ya kwance min, wasu makanikai na ce masa oyil kwantirol, wasu su ce sansan VVT duk da ba sansa bane. Maganaɗisun lantarki ne a bayansa yana tura wani siririn sanda mai tsaga-tsaga gaba da baya, sandan ne ke buɗe wa mai wannan hanya ya rufe waccan. Umarni kuma daga kwamfutar mota yake zuwa, wadda muke cewa birenbos. Tana karanta sansan karanshaf da sansan kamshaf ta gwada su ta san inda kamshaf yake a yanzu, tana duba gudun inji da yadda ka taka totur da yawan iskar da ke shiga da zafin ruwa, sai ta yanke inda ya kamata ya kasance ta tura wuta, ta sake dubawa ko ya isa, in ya zarce ta dawo da shi, haka take yi ba hutawa. Harafin i ɗin da ke ƙarshen VVT-i abinda yake nufi kenan, wato tsarin na da basira, zai iya tsayawa a ko'ina tsakanin farko da ƙarshe ba matsayi biyu kawai ba.

Ga yadda take juya shi a rana ɗaya ta tuƙi. Ka tada mota kana silo, tana maida kamshaf ɗin shiga can baya don ƙofofin biyu kar su haɗu, silo ya zauna lafiya. Ka hau titi kana tafiya a hankali da rabin totur, sai ta kawo shi gaba ta bar ɗan hayaƙi ya koma silinda da gangan, abin mamaki ko? Dalili shine hayaƙin baya ƙonewa, yana cike wuri ne kawai, sai zafin ƙunar ya ragu, gubar da ake kira NOx wadda tsananin zafi ke haifarwa ta ragu, sannan fistan baya wahalar zuƙa ta maƙogwaron da aka shaƙe, wahalar da mai take ci a banza. Ka zo hawa tudu da kaya ko zaka wuce tirela allura na wajen 2,500 ka danna totur, tana kai shi gaba don bawul ya rufe da wuri iska kar ta gudu, nan kake jin motar ta ja. Ka ci gaba da takawa allura ta haura 5,000 sai ta sake maida shi baya don iskar da ta ɗauko gudu ta gama shiga. Kaga silo da babban gudu duk baya ake kai shi amma dalilin kowanne daban. Daga baya Toyota ta sa irin giyar a kamshaf ɗin hayaƙi ma, shine Dual VVT-i, ta fara a Altezza a 1998, kuma shi ke cikin Corolla mai injin 2ZR da Camry mai 2AR.

Akwai wani ɗan abu a cikin giyar da ya shafi ƙarar da na ji da safe. In ka kashe mota matsin mai ya faɗi, fukafukan ba abinda ke riƙe su, da an sake tadawa zasu riƙa bugun bangon ɗaki kafin mai ya iso. Don haka aka sa wata 'yar sakata mai sifirin, inji na mutuwa ta faɗa rami ta kulle ciki da waje su zama abu ɗaya, sai mai ya hau da ƙarfi ya ɗaga ta. In sakatar ta cinye ko datti ya hana ta faɗawa, ko man ya yi kauri ya makara wajen hawowa, toh karrrr ɗin nan ta sakan biyu ita ce fukafukan ke buga ƙarfe.

Hanya ta biyu ta Honda ce kuma ni dai tana burge ni, don dabara ce ta ƙarfe tsantsa. Injiniyan da ya jagoranci aikin sunansa Ikuo Kajitani, burinsu kuma injin da zai ba da ƙarfin doki 100 a kowace lita ba tare da turbo ba, suka kuma cimma, injin B16A na Integra ta 1989 lita 1.6 ne yana ba da doki 160 yana juyi har wajen 8,000. Yadda suka yi, kowane bawul biyu an ba su doro uku, biyu ƙanana a gefe ɗaya babba a tsakiya, da roka uku a ƙarƙashinsu, wato ƙarafan da doro ke dannawa su kuma su danna bawul. A ƙaramin gudu ƙananan ne ke aiki, rokan tsakiya yana ta hawa da sauka shi kaɗai ba abinda yake dannawa. Allura na kaiwa wajen 5,000 da ɗoriya kwamfuta ta saki mai ya tura sakata ta ratsa rokokin uku ta ɗinke su, nan take duka su koma bin babban doro, bawul ya buɗe da zurfi ya kuma daɗe a buɗe. Kamar inji biyu ne a jiki ɗaya, sautin ma canzawa yake yi. Bambancinsa da na Toyota shine wancan yana matsar da lokacin ne kawai, zurfin buɗewa da tsawonta suna nan yadda suke, wannan kuwa su yake canzawa amma tsalle ɗaya yake yi. Da aka zo i-VTEC a injinan K sai Honda ta haɗa biyun.

Anan akwai abinda matasa masu Accord ke ruɗewa a kai. Ba kowane VTEC bane na gudu. Accord ta 2003 ɗin da ake cewa EOD, mai silinda huɗu lita 2.4 irin ta Amurka, nata tsarin na tattalin mai ne, a ƙasa bawul ɗin shiga ɗaya ne ke buɗewa sosai ɗayan ɗan kaɗan kawai, don iska ta shiga ta gefe tana juyawa ta gauraya da mai da kyau, allura na wuce 2,000 da kaɗan sai a haɗa su su buɗe tare. Don haka wanda yake taka ta har ja yana jiran wai VTEC ya shigo, ai tun yana fita daga layinsu ya riga ya shiga.

BMW ta wuce nan a 2001 da Valvetronic, inda wata 'yar motar lantarki irin mai juya fanka, ba motar hawa ba, ke juya wani sanda da ke canza zurfin buɗewar bawul daga ƙasa da rabin milimita har kusan milimita 10, ya zama bawul ɗin ne da kansa ke auna iskar da zata shiga, totur kusan a buɗe yake zaune. Toyota ta yi irin nata, Valvematic, a 2007, Fiat ta yi MultiAir a 2009. Ita kuma Prius tun 1997 jinkirin rufe bawul ɗin nan da muka ce illa ne a ƙaramin gudu shi ta maida jari, tana barin wani ɓangare na iskar ya koma da gangan don matsawa ta gajarta tunkuɗawa ta fi ta tsawo, a tatse ƙarfin mai sosai, ƙarfin jan da aka rasa kuma motar lantarki ta cike. Ana kiran wannan tsarin Atkinson, sunan wani Bature ɗan Ingila da ya ƙirƙiro shi tun shekarun 1880.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, kuma shine ya sa na zauna rubuta wannan. A tsohuwar Peugeot 504 ko Beetle baƙin mai aikinsa santsi da sanyaya ƙarfe. A injin VVT an ƙara masa aiki na uku, ya zama hannun da kwamfuta ke murɗa kamshaf da shi, yana bi ta hanyoyi sirara da raga mai ƙananan ido. Amma mu har yanzu da tunanin 504 muke yi musu sabis. Ana zuba man da aka auna daga jarka a bakin titi wanda ba wanda ya san asalinsa, ana barin sa wata shida bakwai sai dai a ƙara in ya ragu, ana sa oyil filta mafi araha, ga ƙurar hunturu ga zafin Maris da Afrilu ga tsayuwar gosilo inji na aiki mota ba ta tafiya. Man ya dahu ya zama laka, lakar ta toshe raga, sandan ya fara maƙalewa, kwamfuta ta ce matsa kamshaf ya ƙi matsawa ko ya matsa ya ƙi dawowa. In ya maƙale a gaba silo ya lalace har mota ta riƙa mutuwa a danja, in ya maƙale a baya ta zama ragguwa tana shan mai.

Maganar kauri kuma ana yawan gardama a kai. Da yawan makanikai zasu ce maka ƙasarmu da zafi sai 20W-50, sauran ruwa ne. Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba, inji da ya tsufa ringi ya saki yana shan baƙin mai, kauri na rufa masa asiri, kuma akwai littattafan wasu motoci da suka yarda da mai kauri a ƙasashe masu zafi. Amma injin da aka rubuta 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20 a murfin mansa, an auna hanyoyinsa da saurin motsin giyarsa ne da wannan man. Zafin cikin inji in yana aiki ya kusa tafasar ruwa ko a Legas ko a Landan, ruwa da fanka ne ke riƙe shi ba yanayin gari ba. Ni ra'ayina a bi abinda ke murfi ko littafi, in za a ƙara kauri a ƙara mataki ɗaya da dalili, kuma datti da jabun mai sun fi kauri ɓarna nesa ba kusa ba.

Sai al'adar cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye, wadda kusan duk motar da ta shigo daga Kwatano sai an yi mata wai don kar ta yi zafi. Kwamfuta fa ba ta sakin VVT sosai sai inji ya ɗumama, VTEC ma baya shiga in ruwa na da sanyi, kuma muddin tana ganin sanyi tana ƙara mai ne. Ka cire tamostat ka hau hanya da sassafe cikin hunturu, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, tsarin da ka biya kuɗinsa yana zaune ba aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba na jin akwai mai motar da zai ce wannan asarar ba ta dame shi ba.

Wanda ya fi ɓata min rai shine a cire soket ɗin a naɗe shi da salatif a ce ai ba shi da amfani, ko a saka injin Beljiyam da bai dace da birenbos ba a bar wayar tana lilo. Abinda ke yaudarar mutane shine motar zata tashi ta yi tafiya, silo ma ya zauna, don sakata ta kulle kamshaf a matsayin silo. Amma ka koma tsohon zamani kenan har ma ƙasa da shi, don injin da ba VVT an zaɓar masa tsaka-tsaki, wannan kuwa an bar shi a ƙarshen gefe ɗaya. Zaka ji ta mutu daga ƙasa, kana ƙara taka totur don ka samu abinda da take ba ka da ɗan taɓawa.

In fitila ta kama a sa kwamfuta kafin a kwance komai. P0010 matsalar waya ce ko maganaɗisun, P0011 da P0012 kamshaf ne baya zuwa inda aka ce, P0016 sansan sama da na ƙasa ne basu yarda da juna ba, wanda sau da yawa cen ne ya miƙe ko an ɗaura tayimin ba daidai ba, tsofaffin Toyota suna nuna P1349, Honda kuma P1259 ko P2646. A fara da abinda ya fi arha, a duba ma'aunin mai tukuna don ƙarancinsa kaɗai na kawo waɗannan lambobin, a wanke raga, a ba oyil kwantirol wutar batir a ji ko yana ƙas-ƙas yana motsi. Makanike mai ilimi zai ba shi wuta inji na silo, in inji ya girgiza ko ya mutu toh giyar na amsawa, in ko gezau bai yi ba matsalar na hanyar mai ko giyar. Sai an wuce duk wannan ake maganar zuwa Ƙofar Ruwa neman giyar kamshaf, kuma ta hannun da za a sayo ita ma a duba sakatarta na kullewa, ka riƙe kwanson ka murɗa ciki da hannu, in ya motsa a ajiye ta.

Tawa wanke raga da juye mai sau biyu a kusa-kusa ya gyara silo ya kashe fitila, shan man ma ya dawo daidai, amma ƙarar safiya ba ta tafi ba sai da aka canza giyar, sakatar ta riga ta cinye bakin raminta. Sabbin motoci sun fara rage dogaro da mai a wannan wajen, Lexus LS 460 ta 2006 ta fara amfani da motar lantarki wajen murɗa kamshaf ɗin shiga, VVT-iE, yana aiki tun inji na sanyi kafin matsin mai ya hau, kuma wasu Camry na 2018 zuwa sama ma shi suke da shi a ɓangaren shiga. Amma yawancin abinda ke hannunmu na mai ne kuma zasu daɗe tare da mu.

Da ƙanina zai sayi mota kwanakin baya na ce masa kar ya yarda a kawo masa ita da rana an riga an ɗumama ta. Muka je wajen dillalin da sassafe, na ɗora tafin hannu a kan inji na tabbatar da sanyi yake, na buɗe murfin mai na haska tocilar waya ciki ina neman baƙar lakar nan a jikin ƙarfe, na bi wayar oyil kwantirol da yatsa har soket na ga a haɗe take, sannan na ce ya kunna makulli ba tare da ya tada ba mu ga ko fitilar cek na kamawa, don wasu cire ƙwan suke yi. Sannan na tsaya a gaban bonet na ce ya tada, na kasa kunne sakan biyun farko.